JININ DA KE ZUWA BA LOKACINSHI BA

Wanga jawabi ne da wakiliyarmu ta yi gaban mata masu karatun yaƙi da jahilci. Mun buga shi don a karanta cikin kowace cibiya, maza su ma su ji.

Na san wasu sun baro daka, wasu sun baro tukunya bisa wuta. Don haka ba ni tsawaita gaisuwa.

Ran nan, bayan an tashi karatu, na iske ƴar takarda cikin littafina. Ba a sa suna ba. Ga abin da anka rubuta: na yi wanka, kwana 6 jini ya komo, in yi salla ko in bari? Ban san mai takardar ba, kuma ba ni neman in san ta. Rubutun ya ɗan karkace, amma ya karantu sarai. Abin da kunya ta hana baki shi faɗi, ga shi hannu ya rubuta. Yau kan takardar ga za mu yi magana, don na tabbata ba mace guda ke da tambayar ba.

Maganar salla ta malamai ce. Littattafan da ake karantawa cikin zaurukanmu, kamar Ahalari da Risala, sun yi bayaninta, har da yadda ake ƙidayar kwanaki. Mai takarda ta tambayi malam ko malamar islamiyya, za ta samu amsa. Amma ku lura da abu guda. Jinin da ya zarce kwanakin haila, malamai suna ce mashi istihala, wato jinin ciwo. Mu mata mun riƙe rabin maganar. In an ce muna "ki yi sallarki", sai hankalinmu shi kwanta, mu manta da kalmar ciwo. Malam ya faɗa maki hukuncin salla. Bai faɗa maki inda jinin ke fitowa ba, don ba aikinshi ba ne. Wannan tambaya ta biyu, gidan likita ake kai ta.

Ni ma ba likita ba ce, malamar karatu ce. Ba ni ba da magani. Abin da zan yi, in gaya maku dalilan da ke kawo wanga jini, don kowace ta san wanda ake iya jira da wanda ba a kwana da shi.

Da farko mu san yadda al'ada take. Kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa a cikinta, kamar mai jiran baƙo. In ciki ya shiga, shimfiɗar ta zama wurin kwanciyarshi. In bai shiga ba, sai ta kwance ta fita. Shi ne jinin al'ada. Daga ranar da ya fara zuwa ranar da na gaba zai fara, yawanci kwana 21 ne zuwa 35. Zubar kuwa ba ta cika wuce mako guda ba. Kowace mace da nata lissafi. Jinin da ya ɓullo bayan kin yi wanka, tun na gaba bai zo ba, shi ne muke magana a kai. Wani ɗigo ne a zane. Wani ja ne wur, wani baƙi-baƙi. Wani sai bayan kwanciya da maigida yake fitowa.

Akwai mai sauƙi. Kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba, ƙwan mace yakan fito daga ma'ajinshi. Wasu mata suna ganin ɗan ɗigo lokacin, kwana ɗaya ko biyu, shi ke nan. Yarinyar da ta fara al'ada, jininta yakan yi shekara ɗaya ko biyu bai daidaita ba. Mai goyo ma haka, in al'ada ta fara komo mata. Waɗanga ba abin tashin hankali ba ne, in dai jinin kaɗan ne, babu ciwo, babu wari.

Sai maganin hutun haihuwa. A nan zan ɗan daɗe, don shi ne ya fi kawo gardama cikin gidaje. Akwai ƙwayar da ake sha kullum. Akwai allurar wata 3. Akwai ashanar da ake sawa a dantse, mai tsinke ɗaya ta shekara 3, mai tsinke biyu ta shekara 5. Akwai robar da ake sawa cikin mahaifa. Dukansu suna iya rikita jini, musamman wata 3 zuwa 6 na farko. Ƙwaya da allura da ashana suna sa shimfiɗar nan ta mahaifa ta zama siririya, sai ta riƙa saki kaɗan-kaɗan maimakon ta fita gaba ɗaya. Wata ma, in ta daɗe tana allura, jinin shi ɗauke ƙaf. Ana cewa wai jinin taruwa yake cikin ciki shi ruɓe. Ba haka ba ne. Shimfiɗar ce ba ta yi kauri ba, don haka babu abin da zai zuba.

Mai shan ƙwaya kuma, in ta sha yau ta manta gobe, jini yana iya ɓullo mata, ciki ma yana iya shiga. Wani maganin tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya suna rage ƙarfin ƙwaya da na ashana. Mai shan su ta faɗa wa ungozomar likita, wadda muke kira sajfam.

Kuskuren da na fi gani shi ne wanga. Mace ta ga ɗigo, ta tsorata, uwar miji ta ce ai dama an faɗa maki. Sai ta bar maganin ba ta gaya wa kowa ba. Bayan wata biyu ga ciki, ga goyo ɗan wata 7 a baya. To ribar mi anka ci? Ki koma inda anka ba ki maganin. Akwai abin da suke badawa don tsai da ɗigon. In wanga bai karɓe ki ba, a sake maki wani. Kuma kada mai shan maganin hutu ta ɗora mashi kowane jini. Tana iya samun wata cuta daban, kamar kowa.

Yanzu ku kasa kunne da kyau, don wanda zan faɗa shi ne ke kashewa cikin dare guda.

Duk macen da ke kwana da miji, in ta ga jini ba lokacinshi ba, ta fara tambayar kanta: ko ciki gare ni? Ƙaramin ciki yana iya ɗigo kuma shi zauna lafiya. Yana iya zama farkon ɓari. Akwai kuma na uku, cikin da ya zauna wajen mahaifa. Tsakanin ma'ajin ƙwai da mahaifa akwai ƴar siririyar hanya, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wani lokaci ciki yakan maƙale cikin hanyar nan, shi fara girma. Hanyar ba ta da faɗin ɗaukarshi. Cikin wata na biyu ko na uku sai ta fashe. Jini shi riƙa zuba cikin cikin mace, inda ido ba shi gani. A waje ɗan ɗigo ne baƙi, a ciki kwano guda ne ko fiye.

Ga alamunshi. Al'ada ta yi jinkiri. Ɗan jini baƙi-baƙi. Ciwon mara gefe guda, kamar ana suka. Jiri, zufa mai sanyi, cikin ido ya yi fari, wani lokaci har kafaɗa ta riƙa ciwo. In mace ta kai ga suma, lokaci ya ƙure. Wanga ba na jiƙo ba ne, ba na hayaƙi ba ne, ba na jiran ranar kasuwa a samu mota ba ne. A ɗaura amalanke, a nemi kabu-kabu ko motar likita, ko tsakar dare ne. Gwajin fitsari na ƴan mintoci yana nuna ko akwai ciki. In hanyar ta fashe, sai an yi aiki a babban asibiti an ɗaure wurin, sau da yawa sai an ƙara jini. Macen da anka yi wa aikin tana iya haihuwa gaba da hanyar da ta rage.

Mai babban ciki ma, ko ɗigo ta gani, ta tafi nan take. Kada kowa shi sa mata hannu a gida don dubawa. Haka wadda ke jiƙa ƙunzugu sharkaf kowace awa, da wadda jini ya zo mata tare da zazzaɓi da wari bayan ɓari ko haihuwa.

Sai cututtukan da ake ɗauka wajen kwanciya, irin su ciwon sanyi. Suna sa bakin mahaifa shi kumbura shi yi ja, ko an ɗan taɓa shi sai jini. Wata tana ganin ruwa mai wari, ko zafin fitsari, ko ciwon mara. Wata kuwa ba ta ganin komi sai ɗigon nan. In an bar cutar, tana hawa sama ta lalata hanyoyin ƙwai da na faɗa maku. Daga nan rashin haihuwa ke zuwa, daga nan kuma ciki ke maƙalewa waje. Maganinta yana nan gidan likita, amma da sharaɗi: mace da mijinta su sha tare, in akwai kishiyoyi su ma. In ke kaɗai kinka sha, kamar mai sharar ɗaki ce iska na busowa, ƙofa buɗe. Na san faɗar wanga ga maigida da nauyi. Ki bar majo shi kira shi, su yi maganarsu ta maza. Ƙwayoyin da ake talla a tire cikin kasuwa, a sayi biyu a haɗiye, ba su kashe cutar. Lafar da ita suke yi ta ƙara taurin kai.

Akwai wata cuta da ba a cika tunawa da ita ba in ana maganar mata, ita ce tsargiya. Mun san ta ga yara maza masu fitsarin jini. Tsutsar da ke kawo ta tana fitowa daga ƙananan katantanwa cikin ruwan tabki, da bakin kogi, da magudanan noman rani. Ta fata take shiga, lokacin wanki, ko wanka, ko ɗibar ruwa, ko dashen shinkafa. Wa ya fi mata daɗewa tsaye cikin ruwan nan? Ga mace, ƙwayayen tsutsar suna iya zama a bakin mahaifa da cikin farji, su yi gyambo. Sai ɗigon jini, ƙaiƙayi, zafi wajen kwanciya. An sha zargin yarinya da abin da ba ta yi ba, alhali ruwan tabki ne ya cuce ta. Maganin tsargiya shi ne ƙwayar nan da ake raba wa ƴan lakwal, ana auna tsawonsu da sanda. Sunanta farazikantel. In garinku na bakin ruwa ne, ki faɗa wa likita, don shi tuna da ita.

Wani jinin kuma, mu ke jawo wa kanmu. Ina nufin matsi. Alif, kanwa, gishiri, garin taba, sassaƙen da ba mu san sunanshi ba. Fatar wurin nan ta fi ta cikin baki laushi. Wadda ba ta iya ajiye kanwa cikin kumatunta ta kwana, don mi za ta sa ta can? Abubuwan ga suna busar da wurin su tsattsage shi, sai jini, sai ƙofa ta buɗe ga cuta. Kuma in jini ya rikice, kada a kai mace ga wanzami wai a yanke mata gishiri. Aska ba ta tsai da jini.

Ƙarin mahaifa, wanda likitoci ke kira fibrom, yana da yawa ga matanmu, musamman daga shekara 30. Yana sa jini shi yi yawa, shi daɗe, mara ta yi nauyi. Akwai kuma ɗan tsiro mai laushi da ke fitowa cikin mahaifa ko a bakinta. Yawancinsu ba kansa ba ne. Hoton ciki, wato eko, yana nuna su, kuma ana maganinsu.

Na bar babba daga baya. Ita ce sankarar bakin mahaifa, wato kansa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata wajen 660,000 sunka kamu da ita a duniya, wajen 350,000 sunka mutu. Mafi yawan waɗanda sunka mutu, matan ƙasashe ne irin namu, inda ba a zuwa awo da wuri. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana ce mata HPV. Wajen kwanciya ake ɗaukarta, kuma tana da yawa ƙwarai. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samunta. Ga yawancin mata, jiki yakan kore ta da kanshi. Ga wasu sai ta zauna, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa sannu-sannu, shekara 15 zuwa 20, kafin ta zama kansa. Mai ɗauke da ƙwayar sida ta fi sauran mata haɗari har ninki 6, kuma tata ta fi sauri.

Duk tsawon shekarun ga babu ciwo. Shi ne mugun halinta. Alamarta ta farko sau da yawa ita ce wadda muke rainawa: ɗan jini bayan kwanciya, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko ruwa-ruwa mai wari da ba shi ƙarewa. Lokacin da ciwon baya da rama sunka zo, ta riga ta yi nisa. Ba na ce duk mai ganin jini bayan kwanciya kansa gare ta ba. Yawanci ba ita ba ce. Amma ba mai iya rarrabewa daga zaune, sai an duba.

Shekarun nan 15 zuwa 20 kuwa, dama ce Allah ya ba mu. Akwai awo mai sauƙi. Sajfam takan shafa ruwan binegar a bakin mahaifa, ta jira minti guda. In akwai wurin da ya fara lalacewa, sai shi yi fari. In an gan shi tun yana nan, ana kashe shi da zafi ko da sanyi cikin ƴan mintoci. Ba a fasa ciki, ba a cire mahaifa, mace ta koma gida ranar, ta ci gaba da haihuwarta. A 2020 OMS ta sa wa ƙasashe buri: a yi wa ƴan mata allurar riga-kafin HPV kafin su kai shekara 15, a auna mace tana da shekara 35, a sake tana da 45. Maƙwabciyarmu Nijeriya ta fara yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 riga-kafin ga a 2023. Ranar da masu allurar sunka zo garinku, kada ku ɓoye ɗiyanku cikin rumbu.

Iyayena tsofaffi, ku ma da taku. Al'ada takan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55. Kafin ta ɗauke takan yi wasa, ta zo ta ƙi zuwa. Amma in ta yi shekara guda cur ba ta zo ba, ta tafi ke nan. Jinin da ya fito bayan haka ba al'ada ba ce ta komo, ba kuma ƙuruciya ba ce ta dawo. Ko sau ɗaya ne, ko ɗigo ne, a je a duba. Wani lokaci bushewar tsufa ce kawai. Wani lokaci kansar cikin mahaifa ce, wadda ake warkewa in an kama ta da wuri. Na san uwa ba ta son faɗa wa ɗanta irin wagga magana. Ki faɗa wa ɗiyarki ko surukarki, ita ta raka ki.

Mi ake yi a gidan likita? Na faɗa don tsoro shi ragu. Za a yi maki tambayoyi. Za a gwada fitsari. Za a duba cikin idonki a ga ko jini ya ragu, don ɗigon yau da gobe yana ƙarar da jinin mace ba ta sani ba, sai ta ga ta kasa ɗaga taɓarya. Sannan ki kwanta bayan labule, a sa wani ɗan ƙarfe mai kamar bakin agwagwa don a ga bakin mahaifa. Akwai sanyi, akwai nauyi, amma ba shi daɗewa. Kina da ikon ki ce mace kike so ta duba ki. In abin ya fi ƙarfin likitar garinku, za a ba ki takarda zuwa asibitin gunduma, ko cibiyar uwa da yaro ta Maraɗi, Damagaram ko Tawa. A Yamai akwai gidan haihuwa na Isaka Gazobi da cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa. Ki riƙe takardar da kyau, kada ta jiƙe.

Ku maza da za a karanta wa wanga jawabi, mace ba ta fita sai da izninku, kuɗin mota kuma aljihunku yake. In akuya ta kwana tana zubar da jini, da asuba kuna ƙofar mai maganin dabbobi. In matarka ta ce tana son zuwa likita, kada ka tsare ta da sai ta faɗi dalili gaban mutane. Ba ta izni, ka raka ta in da hali.

Yanzu ga inda karatunmu zai yi muna rana. Tambayar farko da sajfam ke yi ita ce: yaushe kinka ga al'adarki ta ƙarshe? Da yawanmu sai mu ce wajen sallar layya, ko lokacin da anka fara yankan hatsi. Da irin wagga amsa ba ta iya lissafi. Ku kuwa yanzu kun san lambobi. Kowace ta ware shafin ƙarshe na kayenta. Ran da al'ada ta zo, ki rubuta kwanan wata. Ran da kinka yi wanka, ki rubuta. In jini ya ɓullo tsakani, ki rubuta ranar ki zagaye ta. Gefe ki sa kalma guda: kaɗan, ko da yawa, ko da ciwo, ko bayan kwanciya. Wadda ba ta kai ga rubutun ba tukuna, ta ja layi da gawayi a bangon ɗaki bayan gado, dogo na al'ada, gajere na ɗigo. In ɗigon ya maimaita wata biyu ko uku, ki ɗauki kayenki ki tafi. In bayan kwanciya ne yake zuwa, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko kina zaton ciki, kada ki jira shafin shi cika.

Jibi kowace ta zo da kaye da alƙalami, mu zana kwanakin wata tare a allo. Yanzu mai tambaya ta yi. Wadda ke jin nauyi kuma, ga littafina nan bisa tabarma, zan je in sha ruwa in komo.